Zaɓen Robar Hannun Keken Hawan Dutse a Kudancin Kaduna

Wuri uku ne jikin mahayi yake haɗuwa da keke: sirdi, feda, da robar da ke lulluɓe da bakin hannun keken hagu da dama. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta sirdi ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, amma da zarar an shiga gangare mai duwatsu mahayi yakan ɗaga daga sirdi, sai ya rage ƙafa da hannu kaɗai ke riƙe da shi. Juya kan keke da matsa birki da sauya giya duk daga kan wannan 'yar robar ake yin su. Tana cikin kayan keke mafi araha, wataƙila shi ya sa mai saye kan ƙare wa taya da giya da fenti kallo, ya biya kuɗi ya tafi bai ko murza ta ba.

Keken hawan dutse ya samo asali ne a shekarun 1970 a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, kuma a 1996 tseren irin wannan keke ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. A Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi dai ba tsere ne ya kawo shi ba. Yawancinsa na hannu ne, wanda ya gama aiki a Turai aka auno shi, kuma masu hawansa ɗalibai ne da manoma da 'yan aike da suka ga keke mai giya ya fi tsohon Raleigh ko Phoenix sauƙin hawa tudu. Irin wannan keke kan iso da robar da ya baro masana'anta da ita shekaru da dama da suka wuce.

Yanayin ƙasar shi ne abin da ya kamata ya ja ragamar zaɓi. Kafanchan, wanda layin dogo ya mayar da shi mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, yana kusa da gindin tsaunukan Filato ta kudu maso yamma, kuma duwatsun Kagoro na tsaye a gabashinsa. Damina a nan takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuma ya fi na Kano ko Katsina yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya bar kwalta ya bi hanyar gona ta wajen Madakiya zuwa Matsirga, ko turbar da ke bin gindin dutse a Kagoro, zai haɗu da jar ƙasa mai santsi, da tsakuwar marmara, da ramukan da ruwa ya zaizaye. Kusan rabin shekara hannunsa a jiƙe yake, in ba da ruwa ba to da gumi. Yawancin sauran watannin kuma hunturu ne, fata ta bushe, ƙura ta shige kowane lungu. Don haka tambayar farko ba ta laushi ba ce ko launi. Tambayar ita ce: idan ruwa ya shiga tsakanin roba da ƙarfe, za ta tsaya ko za ta juya?

Ta wannan fuska roba iri biyu ce. Akwai ta turawa, wadda ake cusa wa ƙarfen da ƙarfin tsiya, matsewarta kaɗai ke riƙe ta. Akwai kuma mai ɗauri, wadda ke da bututun filastik a ciki da zoben alminiyom a baki ɗaya ko duka biyun, ana ɗaure zoben da ƙaramin noti. Kamfanin ODI na Amurka ne ya yaɗa wannan tsari a ƙarshen shekarun 1990, yanzu kuwa kamfanoni barkatai na yin sa. Mai ɗauri ba ta juyawa ko da ruwa ya kwana a cikinta, kuma cire ta da mayar da ita aikin minti biyu ne da alanki mai milimita 2.5 ko 3. Aibinta shi ne bututun cikin yana cin wurin da roba za ta zauna, saboda haka a kauri ɗaya ta turawa ta fi ta shanye girgiza. Duk da haka, ga mai hawa da damina a wannan yanki mai ɗauri ta fi. Robar da ta ɗan yi tauri gajiya kawai za ta sa, wadda ta murɗe a tsakiyar gangare kuwa ƙasa za ta kai mutum.

Ta turawa ma tana iya zama daram idan an sa ta yadda ya dace, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Idan ta ƙi shiga, abin da ke kusa da hannun mai gyara shi ne ruwan sabulu ko ɗigon baƙin mai. Nan take za ta zame ta shige, amma sabulun na nan a ciki, ranar da ruwan sama ya taɓa shi zai farfaɗo. Mai kuwa ba ya bushewa, yana kuma cin robar. Abin da ya dace shi ne a goge ƙarfen tas, a zuba sifirit kaɗan a cikin robar, a tura ta da sauri, a bar ta ta bushe kafin a hau. Sifirit yana sa santsi na ɗan lokaci sannan ya tashi bai bar komai ba. Wasu masu gyara kan shafa sholishon faci, wanda ke riƙewa sosai, sai dai ranar canji da wuƙa za a cire. In ana son ƙarin tabbaci, a naɗa siririyar waya a bakin robar ciki da waje, a murɗe, a lanƙwasa tsininta ciki don kada ta soki tafin hannu.

Girman ciki ba abin damuwa ba ne sosai, domin wurin riƙo a hannun keken hawan dutse kusan duk duniya milimita 22.2 ne, ko da tsakiyar ƙarfen ya fi haka kauri. Wannan awo ya yi daidai da na hannun yawancin baburan da ke yawo a yankin, shi ya sa wasu kan sayi robar babur su sa wa keke, ga ta da araha, ga ta a kowane shagon kayan gyara. Abin da ake mantawa shi ne robar babur biyun ba girmansu ɗaya ba. Ta dama an yi ta ne don ta hau kan bututun totur, raminta ya kai wajen milimita 25. Ta hagu za ta zauna lafiya, ta dama kuwa za ta yi ta wasa komai tsumman da aka cusa mata. Mai son bin wannan hanya sai ya nemi na hagu guda biyu. Tsawon robar keke yawanci milimita 130 ne ko sama kaɗan, amma keken da ake sauya masa giya ta hanyar murɗa hannu yana buƙatar gajera, wajen milimita 90, a gefen da abin murɗawar yake.

Kaurin waje shi ne ke bambanta mutum da mutum. Yawancin robobi suna tsakanin milimita 29 da 34. Duk wanda ya yi noma ya san ƙotar fartanya in ta cika siranta hannu kan yi ta matsewa har ya gaji, in ta cika kauri kuma ba ta riƙuwa. Haka abin yake a nan. Gwajin mai sauƙi ne: a kama robar kamar ana tuƙi, a saki manuniya ta hau kan birki, a duba sauran yatsun. Idan tsininsu ya nutse cikin tafin hannu, robar ta yi siriri. Idan sun kasa zagayowa kusa da gindin babban yatsa, ta yi kauri. Yaro ko mace mai ƙaramin hannu da aka ba keken babba ba ta iya kai yatsa ga birki da ƙarfi idan robar mai kauri ce, kuma ba a cika lura da wannan ba sai an faɗi.

Sagewar yatsu bayan doguwar tafiya tana da dalili a jiki. Jijiyoyi biyu ne ke ratsa wuyan hannu su shiga tafi. Ɗaya na bi ta gefen ƙaramin yatsa, ita ke kai ji gare shi da rabin yatsan zobe. Ɗayar na bi ta tsakiya, tana kula da babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Yatsun da suka sage su ke nuna wadda aka danne. Robobi masu faffaɗan reshe a gefen waje, irin waɗanda kamfanin Ergon na Jamus ya yi suna da su, an yi su ne don su baza nauyin a kan tafin hannu. Suna da amfani ga mai tafiya mai nisa a zaune, kamar daga Kafanchan zuwa Gidan Waya, amma a gangare mai duwatsu reshen na hana hannu zagaye ƙarfen yadda ake so, zagayayyiya ta fi. Ba kuma kowane ciwo ne laifin roba ba. Tayar da aka cika wa iska har ta zama dutse, ko sirdin da ya sunkuya gaba yana tura nauyi kan hannu, ko hannun birkin da ya ɗago sama har wuyan hannu ke lanƙwashewa, kowannensu kan jawo irin wannan sagewa, kuma gyaransu kyauta ne. Sagewar da ta ƙi tafiya bayan kwanaki ta wuce maganar keke, ta asibiti ce.

Abin da aka yi robar da shi ma yana da tasiri. Roba mai laushi ta fi kama hannu da shanye girgiza, amma ta fi saurin cinyewa. Mai tauri na daɗewa, ga wanda ba ya sa safar hannu kuma tana iya tayar da bororo. Ta soso ba ta da nauyi kuma tana da daɗi a rani, sai dai mai arahar cikinta na shan ruwa, ta yi santsi, ta yage tun damina ba ta raba ba. Ta silikon ba ta shan ruwa kamar soso kuma tana hutar da hannu, amma faɗuwa ɗaya a kan dutse kan tsaga ta. Zanen jiki kuwa, ƙananan ramuka ko layuka a ƙarƙashi inda yatsu ke kwanciya sun fi amfani cikin laka, domin suna ba ruwa hanyar fita. Manyan ƙusoshi masu ban sha'awa a shago su ne ke cin tafin hannu bayan awa ɗaya.

Akwai wani ɗan abu da ake rainawa, wato murfin bakin ƙarfe. Keke na hannu da yawa kan iso babu shi, ko bakin robar ya huje ƙarfen ya leƙo. Buɗaɗɗen bututu yana da kaifi, kuma idan aka faɗi kan keken ya juya, ciki ko cinya yake samu. Likitocin yara sun daɗe da sanin raunin ciki da hannun keke ke yi. In ba a sami murfin kanti ba, guntun itace da aka sassaƙa daidai ramin, aka buga, aka goge bakinsa, yana yin aikin, yana kuma hana ruwa shiga ya sa tsatsa.

A wajen saye hannu ya fi ido gaskiya. Sunan kamfani a jikin roba ba hujja ba ne, domin kwaikwayo ya cika kasuwa. A danna ta da farce a ga ko za ta dawo, a shinshina ko tana warin mai, a duba ko notin zoben ƙarfen kirki ne, don mai laushi kansa kan lalace tun ɗaurin farko. Ɗaurin ma ba na ƙarfi ba ne, da zarar robar ta daina juyawa an gama. Rana ita ce babbar abokiyar gabar roba, sai fetur da kananzir da wasu ke wanke keke da su. Ruwa da sabulu kaɗan a waje sun wadatar, keken kuma a jingine shi a inuwa. Robar da ta fara danƙo tana barin baƙi a tafin hannu, ko zanenta ya shafe a inda gindin hannu ke zama, ko ta soma motsi, ta gama aikinta. Lokacin da ya fi dacewa a canza ta shi ne watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka.