Fata da Takarda: Tsarabar Birnin Shehu

Baƙon da ya sauka Sakkwato, ko ziyara ta kawo shi ko ɗaurin aure ko taron jami'a, da wuya ya koma gida hannu rabbana. Ana gobe zai tafi sai ya roƙi mai masaukinsa ya raka shi neman tsaraba, shi kuwa mai masauki ba ya dogon tunani. Shiyar Madunka za su fara, in kuma baƙon mai son karatu ne su ƙarasa wajen masu littattafai na kewayen Hubbare da Masallacin Shehu. Kilishi da albasa da tafarnuwar Wurno ko a bakin tasha ana samu, kuma ba sa daɗewa ake cinye su. Abin da ke shekara da shekaru a ɗakin mutum shi ne fata da takarda.

A Madunka hanci ne ke fara sanar da kai ka iso. Ƙanshin bagaruwa da na man da aka shafe fata da shi ya kama bango, ya kama tufafin masu aiki. Baduku na zaune a ƙasa, katako a gabansa, wuƙa da basilla a hannu, yaransa na gefe suna yanka siraran igiyoyin da za a yi ado da su. A sama an rataye zabira da jakunkunan mata da kuben wuƙa da takalma da linzamin doki, a ƙasa kuma tumtum jibge, ba a cusa masa komai ba don ya yi daɗin ninkewa a jakar matafiyi. In ka kai shi gida kai za ka nemo tsumma ko rimi ka cika.

Darajar wannan kaya daga jar akuya take, wadda ake kiwo tun daga ƙasar Sakkwato har Maraɗi. Fatarta tana da laushi, ga ƙarfi, ga karɓar rini. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ƙetare Sahara da ita zuwa biranen Arewacin Afirka, Turawa suna saye a can suna kiranta fatar Maroko, alhali akuyar ba ta taɓa ganin Maroko ba. Kafin ta zo hannun baduku sai ta bi ta hannun majemi: a jiƙa ta a ruwan toka gashin ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa ta jemu, a shafa mai, a shanya a inuwa. Jan launin nan da aka san ta da shi daga karan dafi ake samo shi. Yanzu rinin kanti ya shigo, ya fi sauri ya fi ƙyalli, amma tsofaffin masu sana'a za su faɗa maka wanda ya fi jure rana.

Ciniki a nan ba a yi masa gaggawa. Ka ɗaga jaka ka juya ta, mai ita ya ce, “Alhaji, wagga ta akuya ta, ba tunkiya ba. Matsa ka ji.” Ka taya, ya ce albarka. Ka ƙara, ya waiwaya wajen mai masaukinka ya ce, “Malam, gaya mishi gaskiya, kai ɗan gari na.” Gargaɗin nasa kuwa yana kan hanya, don fatar tunkiya ta fi araha kuma tana saurin ɓarewa, ga kuma ledar roba da ake shigowa da ita wadda baƙo ba ya rabe ta da fata sai ta sha zafin bazara ta tsage. Irin wannan kaya ya fi yawa a rumfunan Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye babban sashenta a watan Janairun 2021.

A cikin kayan baduku akwai biyu da masu tsaraba ba su cika kulawa da su ba, nan ne kuwa sana'arsa ta haɗu da ta malami: tadarishi da gafaka. A da ba a ɗinke littafi. Warƙa-warƙa ake rubuta shi da tawada a kan takardar da fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku. In an gama sai a haɗa warƙoƙin cikin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataya a kafaɗa. A haka littattafan Shehu Usmanu da na ƙanensa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello suka yi ta yawo gari-gari. Garin da ya tara marubuta dole ya tara dukawa. Sakkwato kuwa tun da Bello ya kafa ta a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya zauna cikinta a 1815, ba ta rabu da alƙalami ba.

Bai wa baƙo littafin tarihi a matsayin tsaraba ma tsohon abu ne a garin. Da Bature Kilafaton ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a 1824, cikin abin da ya koma Ingila da shi har da taswirar ƙasar da wani yanki na Infaƙul Maisuri, littafin da Bello ya rubuta a 1812 kan tarihin ƙasashen Tukururu da yadda jihadi ya gudana. An fassara yankin aka buga a Landan a 1826. Kilafaton ya sake dawowa, ajali ya riske shi a Sakkwato a 1827.

To je ka yau wurin masu littattafai ka nemi wannan littafi. Tabarma ce shimfiɗe ko ɗan teburi, a kai ga Alƙur'ani bugun Warshu, ga Ishiriniya da Dala'ilu, ga Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ga carbi da turare da asawaki a gefe. Waɗannan su ke ciyar da mai rumfa, domin kullum akwai almajirin da ya sauke wani littafi zai ɗauki na gaba. Na malaman jihadi ma akwai, musamman ƙananan da ake karantarwa a zaure irin su Nurul Albabi, da manya irin su Ihya'us Sunna da tafsirin Abdullahi, Liya'ut Tawili. Amma na tarihi tsantsa, wato Infaƙu da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi da Raulul Jinani na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, sai an ɗaga wasu an kaɗe ƙura. Mai neman su da Hausa kuwa sai ya yi haƙuri. Waziri Junaidu, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa tun shekarun 1950, aka buga a Zariya. Littafi ne da ya kamata a ce kowace rumfa tana da shi, sai ga shi wanda ya mallaki tsohon bugu ba ya ba da aro.

Ba na ganin laifin mai rumfa. Kasuwar nan masu ziyara ne suka riƙe ta, mutanen karkara da na Nijar da ma nesa da nan, waɗanda ke zuwa Hubbare su yi addu'a inda Shehu yake kwance tun 1817, 'yarsa Nana Asma'u kuma kusa da shi. Da yawansu mata ne, kamar yadda aka saba tun zamanin 'Yan Taru, lokacin da Nana ke naɗa jaji ta ba ta malfa da jan rawani ta tura ta ƙauye koyar da 'yan'uwanta. Mai ziyara kuɗin motarta a ƙulle yake a bakin zane. Abin da ya rage na carbi ne da ɗan littafin addu'a, sai kalanda mai jerin Sarakunan Musulmi har zuwa na 20, Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006. Hoton Sarki Abubakar na Uku, mai shekara 50 a kan gado, da na Sardauna ba su taɓa yin kwantai ba. Wanda ake nuna maka a ce na Shehu ne kuwa zane ne kawai, don Shehu ya rasu ba a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto ba.

Ɗalibi mai bincike shi ya san hanyar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da makaman da. Sauran wuraren da labarin jihadi ya faru, Ɗagel da Gudu da Tafkin Kwatto da Alƙalawa, wanda ya je sai dai ya dawo da abin da idonsa ya gani da abin da tsofaffin wurin suka faɗa masa.

Har gobe masu yi wa littattafai bango a Ingila suna neman fatar akuyar Nijeriya don rufe littattafansu masu tsada, tarihin garin da aka yi kiwon akuyar kuwa yana kan tabarma, bugun takarda mai arha, an danne tsakiyarsa da ƙusar waya biyu, in ma ba kwafin inji ba ne da tawadarsa ta fara dushewa. Dukawan da suka iya tadarishi da gafaka suna nan, sai dai ba kowa ke yin su ya ajiye ba, tunda jakar mata da takalmi sun fi saurin fita. Wanda ya dace da kwafin Infaƙu ko na Tarihin Fulani, yana son ya kai wa jikokinsa, sai ya ɗauka ya koma Madunka. Baduku zai auna tsawo da faɗi da kauri, ya tambaye shi ja yake so ko baƙi, ya karɓi kafin alƙalami, ya sa masa ranar dawowa.