Haraji, Zakka da Haƙƙin Talaka: Darasi Daga E-Levy

Bayan karatun Lahadi an sha yi mana tambayoyi biyu. Ta farko: “Malam, tunda gwamnati na cire mini haraji, sai na sake fitar da zakka?” Ta biyu kuma daga ɗalibai take: in ana so a taimaki talaka, me zai hana a ƙara haraji kawai kuɗi su yi yawa? Bari mu fara da ta biyun, don mun ga amsarta da idonmu a nan Ghana.

A ƙarshen 2021 gwamnati ta kawo harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, a kan kashi 1.75 cikin ɗari. Gardama ta yi zafi har 'yan majalisa suka ba hammata iska a zauren majalisa. Daga baya aka rage shi zuwa 1.5, ya fara aiki a watan Mayu 2022, aka yafe sidi 100 na farko a kowace rana. To, me ya faru? Mutane da yawa suka ja da baya daga MoMo, suka koma kuɗi hannu, wasu kuma suka samo dabarun kauce masa. Abin da aka tara ya gaza hasashen gwamnati nesa ba kusa ba. A Janairu 2023 aka mai da shi kashi 1, a Afrilu 2025 kuma aka soke shi gaba ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin malamanmu. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya lura cewa daula a farkonta takan ɗora haraji kaɗan ta tara da yawa, a ƙarshenta kuwa takan ɗora da yawa ta tara kaɗan. Dalili a fili yake. In ɗan kasuwa ko manomi ya ga rabonsa ya ƙanƙance, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya rage aiki ko ya ɓoye abin da ya samu. Ke nan ƙara kaso daban, ƙara kuɗin shiga daban.

Amma kada wani ya fahimci cewa Musulunci ya ce a bar hukuma hannu rabbana. Lokacin da aka buɗe Iraƙi, Sayyidina Umar (RA) ya ƙi raba gonakinta ga mayaƙa. Ya bar su hannun manomansu, ya ɗora musu haraji domin na baya ma su amfana. Ya aiki Usman bn Hunaif da Huzaifa bn Yaman su auna ƙasar, sannan ya tambaye su ko sun ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, wanda ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid Kitabul Kharaj, ya kawo labarin wani tsoho Bayahude da Umar ya tarar yana bara don ya biya jizya. Umar ya sauke masa ita, ya sa a riƙa ba shi daga baitulmali. A wajenmu ma, Shehu Usman ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Hausa kan jangali da kuɗin gari, domin karɓa ce ta ƙarfi wadda shari'a ba ta ɗora ba.

Daga nan muna iya fitar da ma'auni uku da za mu riƙa auna kowane haraji da su, ko wace jam'iyya ce ta kawo shi. Na ɗaya, mai biya zai iya ɗauka? Na biyu, nauyin ya fi sauka a kan wa, mai hali ko mai tallan koko? Na uku, ina kuɗin ke tafiya? A ƙasar nan akwai inshorar lafiya ta NHIS da aka kafa dokarta a 2003, akwai tallafin LEAP ga tsofaffi, marayu da naƙasassu tun 2008, akwai sakandare kyauta tun 2017. Duk da kuɗi suke tafiya. Wanda ya ce a soke haraji, mu tambaye shi da me za a biya waɗannan. Wanda ya ce a ƙara, mu tambaye shi ina na jiya ya shiga.

Yanzu tambaya ta farko. Harajin inshorar lafiya da ake ɗorawa kan kayayyaki kashi 2.5 ne, daidai da kason zakkar kuɗi, amma kada lambar ta ruɗe mu. Zakka ibada ce: tana da niyya, tana da nisabi, wato kimar zinari dinari 20 (kusan giram 85), tana da cikar shekara, kuma Allah da kansa Ya ƙayyade masu karɓarta kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Majalisa ba ta da ikon ƙara ta ko rage ta. Haraji kuwa lamari ne na maslaha, yau a ɗaga gobe a sauke, ana gina hanya da shi, ana biyan albashi. Shi ya sa mafi yawan malamai suka tafi a kan haraji ba ya sauke zakka. Ka biya harajinka, in abin da ya rage ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ka fitar da haƙƙin Allah.

Jama'a, bazawarar da ke zangonmu ba za ta jira a gama muhawarar kasafin kuɗi kafin ta ɗora tukunya ba. Mu tambayi wakilanmu lissafi cikin ladabi, mu karɓi rasit in mun biya, mu kuma fara duba maƙwabci da zakkarmu. Allah Ya ba shugabanninmu adalci, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.