Lambun Cikin Kwalba: Tun Daga Zaɓen Kaya Ake Gane Mai Ɗorewa

A shekarar 1829 wani likita a birnin Landan, Nathaniel Ward, ya rufe wani ƙwaro dangin malam-buɗe-littafi da ke cikin kwansonsa a kwalba tare da 'yar ƙasa mai danshi, yana jiran ya ga fitowarsa. Sai ga tsiro ya ɓullo a ciki, ya ci gaba da girma ba tare da an ba shi ruwa ba, alhali hayaƙin Landan ya sha kashe irinsa a lambun likitan. Daga nan ya ƙera akwatunan gilashi, kuma a 1833 aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Sidni ta Ostareliya, tsirran suka isa da ransu. Irin akwatunan ne daga baya suka yi jigilar dashen shayi daga Sin zuwa Indiya. Wannan shi ne asalin lambun cikin kwalba, wanda Turawa ke kira terariyam.

Yadda abin yake, saiwa ta sha ruwa, ganye ya fitar da shi, ya taru a jikin gilashi kamar raɓa, ya gangaro ya koma ƙasa. Ruwan ba shi da mafita. Saboda haka duk abin da za ka saka, fara tambayar kanka yadda zai yi da ruwa.

Kwalba ta zama fara tas mai faɗin baki; mai launi tana tare haske. A gindinta a zuba wankakkiyar tsakuwa kamar kaurin yatsu biyu, don rarar ruwa ta kwanta nesa da saiwa. A shimfiɗa ƙyallen gidan sauro a kai, kada ƙasa ta zurare ta cike ramukan.

Gawayi kuwa, a ganina an cika yi masa kirari. Yana ɗan rage wari, amma ba ya ceton kwalbar da aka cika wa ruwa. In za a sa, a daka na itace zalla wanda kananzir bai taɓa ba.

Ƙasa ita ce inda aka fi yin ɓarna, kuma abin yana ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yi. Mutum ya ɗebo laka, ya haɗa da takin awaki wai don shuka ta ji daɗi. Laka tana riƙe ruwa ta hana saiwa iska har ta ruɓe. Taki kuma a rufaffen wuri fumfuna yake kawowa, in ma shukar ta tsira sai ta yi tsawon da kwalbar ba za ta ɗauka ba. Abin da ake so shi ne ƙasa mai sauƙi, wadda in ka dunƙule ta da danshi ka saki za ta wargaje: ƙasar ruɓaɓɓen ganye, da yashi mai gautsi, da ɗan zaren ɓawon kwakwa.

Rufaffiyar kwalba ta gansakuka ce da ƙananan tsirran inuwa masu son laima. Alobera da danginta na busasshiyar ƙasa, buɗaɗɗen mazubi suke so, kada a haɗa su da masu son laima.

Mai karatu, musamman in kana inda zafin Maris da Afrilu ke gasa ɗaki, ka ajiye kwalbarka inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta. In ka ga gilashin ya jiƙe sharkaf har da tsakar rana, buɗe murfin na yini guda, kuma kada ka ƙara ruwa.