Iyaye da Malamai, Ƙibar Yara Ciwo Ce!

Ku dubi ɗanku da kyau. Yana haki in ya ɗan yi gudu? Yana minshari da dare? Yana kukan ciwon gwiwa alhali bai kai shekara 12 ba? Ku duba bayan wuyansa da hammatarsa. Fatar ta yi baƙi, ta yi kauri, kun cuɗa da soso ta ƙi fita? Wannan ba dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce ta cewa jikinsa ya fara ƙin jin sinadarin insulin, kuma hanyar ciwon suga ke nan. Ku kai shi asibiti a wannan makon.

Mun saba cewa yaro "ya yi ɓulɓul, masha Allah." A ƙasar da tamowa ke kashe yara, dole mu yi murna da kumatu. Amma ƙibar da ta wuce kima tana jawo hawan jini, kitse a hanta, da ciwon suga tun ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce ƙa'ida. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne, a 2022 sun kai kashi 20. Kada ku ce matsalar Turawa ce. Ku leƙa ƙofar makarantun firamare a Kano ko Kaduna lokacin tara.

Me ke cikin jakar ɗanku yau? Lemon kwalba, biskit, alewa, cincin? Robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya ƙunsar sukari fiye da ƙaramin cokali 12. Za ku ɗebi cokali 12 ku zuba wa yaro a baki? To, haka ake yi kullum da safe. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba za ta tsare muku ɗa ba.

Malamai, ina darasin motsa jiki? Yana kan jadawali, amma an maye gurbinsa da lissafi saboda jarrabawa. Makarantun kuɗi da yawa gidan haya ne, ba filin wasa ko taku goma. Yaro yana buƙatar aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki kowace rana. Daga aji sai mota, daga mota sai waya. Yaushe zai yi gumi? Ku dawo da langa, ƙwallo da tsallen igiya. Ku koya musu karanta adadin sukari a jikin kwalba. Ku daidaita abin da ake sayarwa a bakin ƙofa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya gama firamare da ƙiba yakan girma da ita.

Kada ku hana yaro abinci. Kada ku bari a riƙa yi masa dariya a aji, domin zai daina fita wasa gaba ɗaya. Ku canja abin da ke cikin kwanonsa: ruwa maimakon lemo, dafaffen ƙwai, gyaɗa, gwaba, wake, kwaɗon zogale.

Kada ku jira zango mai zuwa. A taron iyaye da malamai na gaba, ku miƙe ku tambayi hedimasta: minti nawa yaranmu ke gudu a rana, kuma me ake sayar musu lokacin tara?