Kananzir Ne Ya Fara Yi wa Man Fetur Kasuwa

Waɗanda suka fara haƙar mai ba mota suke tunani ba, don a lokacin ma babu ita. Haske suke nema. A tsakiyar ƙarni na 19 masu hali a Amurka da Turai suna kunna fitila ne da man da ake fitarwa daga kitsen manyan dabbobin teku, kuma kullum tsada yake ƙarawa. Da aka gano cewa ana iya tace kananzir daga ɗanyen mai, sai hankali ya koma ƙarƙashin ƙasa.

Tun 1846 an haƙa rijiyar mai a kusa da Baku, amma wadda ta tayar da ƙura ita ce ta Edwin Drake a Titusville, jihar Pennsylvania. Mutanen gari sun ɗauke shi mahaukaci. Ramin kan cika da ruwa ya rufta, sai ya yi dabarar kafa bututun ƙarfe har ya taɓa dutse, sannan aka ci gaba da haƙa ta cikinsa. Ranar 27 ga Agusta 1859, a zurfin kusan mita 21, mai ya taso. Babu wurin zubawa, aka shiga tattaro gangunan giya. Shi ya sa har gobe da ganga ake auna mai, kowace lita 159.

Kafin ka ce kwabo, jama'a sun yi dafifi, rijiyoyi sun yi yawa, farashi ya faɗi warwas. Drake kansa a talauce ya mutu. Wanda ya ci moriyar abin shi ne John D. Rockefeller, da ya gane cewa riba tana wajen tacewa da sufuri. Kamfaninsa Standard Oil, wanda ya kafa a 1870, ya danne abokan hamayya har sai da kotun ƙolin Amurka ta raba shi gida 34 a 1911.

Fetur kuwa, abin mamaki, shara ne a wancan zamani. Wasu matatun a kogi suke tuttular da shi. Sai da motoci suka yawaita, musamman bayan kamfanin Ford ya fito da motar Model T a 1908, ya samu daraja. Haka ma iskar gas da matatu ke ƙonewa: a 1920 aka fara sarrafa ta zuwa sinadarin sayarwa a matatar Bayway ta New Jersey. Daga wannan reshe na sarrafa sinadarai ne robobi da ledar da muke amfani da su suka fito.