Daga Ƙofar Wambai zuwa YouTube: Yadda masu turare da atamfa suka zama iyayen gidan 'yan fim

Daga wakilinmu a Kano

DUK mai kallon finafinan Hausa masu dogon zango ya san wannan. Ka sayi data, ka nemi wuri ka kishingiɗa, an kai daidai inda uwargida za ta buɗe ƙofa ta yi arba da amarya, sai kawai ka ga an ɗauke hoton. Me za ka gani? Wata hajiya ce zaune a kan kafet, kewaye da kwalaben humra da turaren wuta, ga lambar wayarta tana gudu a ƙasan allo. Kafin ka gama tsaki an sako mai shadda, daga shi sai mai maganin basir.

Da yawanmu mukan ja gaba ne mu tsallake. To amma mai karatu, ka san cewa kuɗin wannan hajiyar na cikin abin da aka sayi man janareta da abincin lokeshin da shi? Wannan tallar da kake jin haushi, a yau tana cikin manyan ƙafafun da industiri ke tsaye a kai.

YADDA AKA FARO

Yayyenmu da suka ga zamanin kaset sun san wani tsari daban. Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa lokacin da su Sangaya da Wasila suka tashi kan jama'a, kasuwar fim a ƙasa take, ana taka ta da ƙafa. Furodusa ya gama aikinsa, ya buga kwalayen kaset a gidan ɗab'i, ya kwashe su tare da kaset na asali zuwa wurin diloli a Bata ko Ƙofar Wambai. Su kuma su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a nasu kaset ɗin, su watsa shi garuruwa. Tallar fim kuwa fosta ce a bango, da sanarwa a rediyo, da shafin mujalla irin wannan, sai tirela da ake sawa a farkon wani fim ɗin.

Ni ban riski kaset sosai ba, faifan CD na tashi na tarar. Ina firamare ake aike na shagon haya in karɓo na ɗaya da na biyu, a kuma ja mani kunne kada in bari ya karce. Kafin in gama sakandare shagon ya koma wurin cajin waya. Masu satar fasaha sun fara kassara kasuwar, sannan 'yan daunlodin suka ƙarasa ta: fim ya fito da safe, kafin la'asar yana cikin memori a kowace unguwa, furodusan da ya zuba jarinsa bai ga ko sisi ba.

Masu iya magana suka ce idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kuma saba wa mutane da jiran shiri mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad ya ɓulla a tashar Bakori TV ta YouTube, Labarina na Malam Aminu Saira shi ma ya fito a shekarar. Daga nan kusan duk mai kyamara ya buɗe tasha. Kasuwar da ta baro Ƙofar Wambai ta tare a cikin waya.

INA KUƊIN SUKE FITOWA?

Akwai masu ɗauka cewa da zarar ka ɗora fim a YouTube dala za ta fara zuba. Ba haka abin yake ba. Ƙa'idar da kamfanin ya sa tun 2018 ita ce sai tasha ta tara mabiya 1,000, an kuma kalli abin da ke cikinta na awa 4,000 a cikin wata 12, kafin a fara raba kuɗin talla da mai ita. Idan an fara, mai tasha na samun kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa, kuma ba a turo masa sai sun kai dala 100.

Wani abin kuma, kallo ba farashinsa ɗaya ba. Abin da masu talla ke biya a kan mai kallo da ke Amurka ko Ingila ya ninka abin da suke biya a kan wanda ke Kano ko Maraɗi. Mu kuwa mafi yawan 'yan kallonmu a gida suke. Saboda haka fim zai iya tara dubban ɗaruruwan masu kallo, amma abin da ya shigo bai biya 'yan wasa da hayar kayan aiki da mai tace hoto ba.

A nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka shigo. Furodusa na da jama'a amma aljihu ba nauyi. Mai turare na da kaya amma ba wanda ya san ta sai 'yan layinsu. Sai aka yi cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Wani a sa masa tallarsa a farkon shiri, wani a tsakiya, wani sunan shagonsa ya riƙa wucewa a ƙasan allo. Wani kuma a ɗauki fitowa guda a cikin shagon nasa, jarumi ya shigo yana taya kaya kamar da gaske. Sama da duka akwai abin da ake kira ambasada, inda jaruma za ta sa lefayar wata ko leshin wata, ta ɗora hoton a shafinta na Instagram ko TikTok, ta ce wa masoyanta su garzaya.

Ka duba fa. A da, tallar talbijin sai banki da kamfanin sabulu. Yau matar da ke haɗa turare a tsakar gidanta, ko yaron shago a Kantin Kwari, za su iya kai hajarsu gaban mai kallo a Agadas da Kumasi da Jidda a dare ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

ABIN DA YA SAMI YAYATA

Sai dai ba duk wanda ya biya talla ke dariya ba. Ban je da nisa neman misali ba, a gidanmu aka yi.

Yayata tana haɗa turaren wuta da humra, kuma ba don 'yar'uwata ce ba, ta iya. Ta ɗauki adashinta kacokan ta biya aka sa mata talla a wani shiri da ake yayi. Daren da aka sake shi, wayarta ba ta huta ba har ƙarfe ɗaya. Muka ce shi ke nan, Yaya ta haye.

Da gari ya waye aka zauna lissafi. Kusan rabin masu kiran so suke ta haɗa su da jarumar shirin, wai ai tunda tallarta ta fito a ciki dole ta san ta. Wasu suka tambayi farashi suka ce za su sake kira, har yau. Masu saye da gaske kuwa, sai ga shi lambar da ta bayar tana kan ƙaramar wayarta ce wadda ba WhatsApp, ba halin tura hoto. Wata ta kira daga Nijar tana son kaya masu yawa, Yaya ba ta san direba ko ɗaya da ke bin hanyar ba, ba ta kuma san yadda za a yi ta karɓi sefa ba. Kayan da ke ƙasa ma ba su taka kara sun karya ba, domin kuɗin da za ta ƙaro itace da turaruka su ne suka tafi a tallar.

Bayan mako biyu aka ƙara mana da wata. Wani marar tsoron Allah ya kwashi hotunan kayanta ya buɗe shafi da suna mai kama da nata, yana karɓar kuɗin mutane. Sai da wata baiwar Allah ta kira tana zazzaga mata masifa muka san abin da ake ciki.

Laifin wa? Ba na masu shirin ba ne, su sun cika alƙawari. Yaya ce ta kira taro ba ta ɗora tukunya ba.

Abin da ya tashe ta daga baya bai ci ko kwabo ba sai data. Ta koma WhatsApp Business, wanda aka fito da shi tun 2018 domin irinsu, ta jera kayanta da farashin kowanne. Kullum da yamma takan sa ƙanwarmu ta ɗauke ta ɗan gajeren bidiyo a tsakar gida, inda haske yake da kyau, tana jiƙa itace ko tana zuba humra a kwalba, ta ɗora a sitatus. Duk wadda ta saya, sai ta roƙe ta izinin ɗora saƙon yabon da ta turo. Ta je tasha da ƙafarta ta yi sabo da direbobi biyu. Da ta sake biyan talla bayan shekara guda, a shirye ta same ta.

SHAGON HAYA NE

Akwai darasin da ya kamata duk mai sana'a a waya ya riƙe, har da 'yan fim ɗin kansu. Shafin nan da kake taƙama da shi, haya kake a ciki. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. A shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, daga Yuni 2021 har zuwa Janairu 2022. Ban da wannan, ga masu kutse da ke sace shafi ta hanyar kiran mutum su ce ya karanto masu lambobin da aka turo masa. Wanda duk kwastomominsa ke cikin shafi ɗaya, ranar da shafin ya tafi ya koma sifiri. Shi ya sa har yanzu Yaya ke da littafi mai bango mai kauri, inda take rubuta sunan kowace mai saye da garinta da lambarta.

Haka ma batun kuɗi. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa kowa tiransifa, har mai shayi. To amma tare da ita alat na bogi ya zo. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit. Buɗe asusunka ka gani da idonka.

Su ma furodusoshi ba su tsira ba. A Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, a kan batun kai su tacewa kafin a saka. Ke nan duk mai biyan tallar makonni da yawa a dunƙule, ya kyautu ya tambaya tun farko: idan shiri ya tsaya, yaya za a yi da ragowar kuɗina? A kuma rubuta a takarda.

SAI KU, TAURARI

Yanzu bari in juyo kan manyanmu, tare da girmamawa. Yarinyar da ta sayi man shafawa don ta gan shi a hannun jarumar da take so, ba mai man ta yarda da shi ba, ke ta yarda da ke. Idan fatarta ta ƙone, sunanki za ta kira. Haka yaron da ya tura kuɗin makarantarsa wani shafin da aka ce ana ninka kuɗi, saboda ya ji gwaninsa ya ce shi ma a ciki yake.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafin ka ɗaga kwalbar magani a gaban kyamara, ka duba ko tana da lambar hukumar NAFDAC. Ka tambayi kanka ko za ka iya ba mahaifiyarka ta sha. Tun 2022 akwai hukumar ARCON mai sa ido a kan tallace-tallace a ƙasar nan, kuma huruminta ya kai har soshiyal midiya. Amma ko babu hukuma, ai akwai Allah. Farin jinin da aka shekara goma ana tarawa, talla ɗaya ta ƙarya ta isa ta zubar da shi.

Mu kuma 'yan kallo, mu rage cinikin biri a sama. Idan ka ga kaya sun burge ka, ka nemi a nuna maka su ta kiran bidiyo, ka tambayi inda shagon yake, ka fara da sayen kaɗan. Ka kuma tabbatar lambar da za ka tura wa kuɗi ita ce dai wadda aka nuna a cikin shirin, ba wadda wani ya biyo ka da ita ta bayan fage ba.

A zamanin Ƙofar Wambai dila kan ba abokin cinikinsa na wani gari kaset bashi, sai ya sayar ya aiko da kuɗi, ba takarda ba shaida. Abin da ya riƙe waccan kasuwar shi ne zai riƙe wannan, wato amana. Saboda haka a daren nan idan hajiya mai turare ta katse maka kallo, ɗan yi haƙuri ka bar ta ta gama. Wataƙila adashinta ne ta zuba, kuma da shi za a ɗauki fitowar mako mai zuwa.

Allah ya ba kowa kasuwa mai albarka, amin.