Wane ɗan Wane a cikin kwamfuta: yadda ake gwada manhaja ba tare da taɓa sunayenku ba

Yanzu ba abin mamaki ba ne a ji ƙungiyar manoma ko ta masu adashe a Tanut ko Belbeji ta sa wani yaro mai ilimin kwamfuta ya haɗa mata shafin intanet, inda za a riƙa rubuta sunan kowa, da lambar wayarsa, da abin da ya zuba. Ƴan'uwanmu da ke Agadas, Kano, Libiya ko Aljeriya ma su leƙa daga can su ga lissafi. Abu ne mai kyau. Sai dai kafin a miƙa masa littafin ƙungiya, akwai tambayar da ya kamata a yi masa: da sunayen su wa za ka gwada aikin?

Mai haɗa manhaja ba ya jira sai ya gama duka kafin ya gwada. Gaɓa-gaɓa yake bi. Gaɓar da ke tara kuɗi daban, wadda ke duba lambar sirri daban, wadda ke aika saƙo daban. To gaɓar tara kuɗin nan, in za ta yi aiki, sai ta tambayi rumbun bayanai: nawa ne a asusun wane? A nan dabarar take. Lokacin gwaji, sai a cire rumbun gaskiya a kafa na bogi a gurbinsa, kamar mutum-mutumin da ake kafawa a gonar gero. Tsuntsu ya gani ya ɗauka mutum ne. Haka gaɓar take tambaya, na bogin ya ba ta amsar da aka sa masa a baki: Wane ɗan Wane, jika goma. In aka cire jika uku ta ce saura bakwai, ta ci jarrabawa. In ta ce takwas, an kama kuskure tun kuɗin kowa bai motsa ba.

Gwajin irin wannan ba ya neman rezo, kuma ko sau dubu aka maimaita shi amsa ɗaya ake jira. Wanda ya gwada da lambobin gaskiya kuwa, rana ɗaya saƙon gwaji zai faɗa wayar tsohuwa a Gangara yana cewa an cire mata kuɗi. Manya ma sun yi irin wannan tuntuɓen: a watan Yuni na 2021 kamfanin HBO Max na Amurka ya aika wa wani ɓangare na abokan cinikinsa wasiƙar gwaji bisa kuskure, sai da ya fito ya ba da haƙuri. Shi ya sa wasu ke ware lambobi na musamman. A Amurka lambobin waya daga 555-0100 zuwa 555-0199 ba na kowa ba ne, kuma kamfanin biyan kuɗi na Stripe yana ba masu gwaji lambar kati mai maimaita 4242 sau huɗu.

Akwai kuma batun doka. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Littafin ƙungiya da aka kwafe cikin kwamfutar mai gwaji, gobe a sace ta ko a sayar, sunaye da basussukan mutane sun tafi ke nan.

Amma inda muka fi son a tsaya shi ne nan: mutanen bogin dole su yi kama da mu. Akwai kayan aiki irin su Faker da ke ƙirƙiro sunaye da adireshi nan take, galibi irin na Turawa, kowa da sunan titi da ranar haihuwa. Manhajar da aka gwada da su kaɗai za ta ci tuntuɓe ranar farko a kasuwar Tanut. A sa mata mutum biyar masu amfani da waya ɗaya, don haka gidajenmu da yawa suke. A sa mata dattijon da takardarsa ta nuna shekara kawai, ba wata ba rana. A sa suna ɗaya da rubutu biyu, na Faransanci da na Hausa, a ga ko za ta ɗauke su mutum biyu. A sa suna mai ɗ ko ƙ, da suna mai Ag a tsakiya irin na Buzaye, da makiyayin da adireshinsa sunan rijiya ne. Sai uwa-uba, lissafin dala. Mu in mun ce ɗari, sefa 500 muke nufi, jika kuwa sefa 1000, wato dala 200. In ba a gwada wannan ba, wata rana a rubuta wa mutum kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya zuba, rigima ta tashi tsakanin maƙwabta.

Mutum-mutumi dai ba ya noma. Rumbun bogi abin da aka gaya masa kawai yake faɗi, don haka bayan gwajin gaɓa-gaɓa sai an haɗa manhajar da rumbu na gaske, wanda har yanzu su Wane da Wance ne a ciki, a ga ko sun daidaita. Sai bayan nan shugaban ƙungiya ya buɗe littafi, da sanin waɗanda sunayensu ke ciki.